Kayan Gadonmu Amana Ne a Wuyanmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya

Shugaban taro, iyayenmu sarakuna, 'yan'uwa maza da mata mazauna birane, muna yi muku barka da zuwa gida.

A ƙasar Faransa akwai yankin manoman inabi da ake kira Bagandi. Mutanensa sun adana gonakinsu da tsofaffin gine-gine da abincin kakanninsu, har hukumar UNESCO ta sanya gonakin cikin kayan tarihin duniya a 2015. Baƙi na zuwa, 'ya'yansu na samun abin yi. Ba su fi mu tarihi ba, tattali suka fi mu.

Mu duba namu. A Dutsi, cikin ƙasar Zurmi, aka kafa daular Zamfara, kuma kaburburan sarakunanta na farko suna can. A Kaura akwai kabarin Namoda, jarumin zamanin jihadi wanda garin ya ci sunansa, ga kufan Kiyawa kusa. A 1929 layin dogo daga Zariya ya iso Kaura ya tsaya, daga nan ake lodin gyaɗa da auduga zuwa Ikko. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuwa ta daɗe tana jawo fatake har daga Nijar. Ga hoce da miyar sure, ga fura da nono, abincin da ya rene mu.

Mun sani rashin tsaro ya hana baƙi zuwa, ya hana wasunmu ma kwana a gida. Allah zai kawo ƙarshensa. Amma dattawan da suka riƙe labaran nan suna ƙarewa, zaizaya na cin ganuwa, yaranmu da aka haifa a Kano da Kaduna da Abuja kuma da yawansu ko sunan hoce ba su sani ba. In muka jira sai ƙura ta lafa, za mu tarar babu wanda za mu tambaya.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Ƙungiya ta naɗa kwamitin da zai ɗauki muryoyin dattawa ya rubuta su. A nemi haɗin kan malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura wajen ɗaukar hotuna da adana su. Iyaye mata kuma su koya wa 'ya'yansu girkin gida, ko a wane birni suke.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maida kowa gidansa lami lafiya. Wassalam.