Tsohuwar Kwalejin Katsina da Azuzuwanmu na Ƙasa

 

An ce in yi magana a kan tsofaffin azuzuwan nan biyu na ƙasa da ke bayan makarantar unguwarmu a nan Kujama, waɗanda wasu ke cewa a rushe a huta. Ni ba magini ba ne, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Amma kafin a ɗauko diga, ku ba ni dama in kai ku Katsina mu dawo.

A birnin Katsina akwai wani ginin ƙasa da aka fara karatu a cikinsa a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe shi a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa don horar da malaman makaranta. Sardauna Ahmadu Bello ya shige ta a 1926, Abubakar Imam a 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1928. A 1938 aka taso da makarantar zuwa Kaduna, nan kusa da mu, sannan a 1949 aka mai da ita Zariya, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Ɗalibai sun tashi, amma ginin yana nan. An sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, yau kuma gidan adana kayan tarihi ne. Ya haura shekara 100, jama'a, kuma da tubali aka yi shi.

To me ya riƙe shi? Na farko kaurin bango. Maginan da ba sa rowar ƙasa: gindin bango a yi shi da faɗi, yana hawa yana sirancewa. Shi ya sa da rana tsaka a watan Afrilu, in ka shiga irin wannan ɗaki sai ka ji kamar ka leƙa randa. Na biyu azara, wadda ake tsagowa daga giginya. Gara ba ta cika damunta ba, sai dai ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai. Aji kuwa yana son faɗi, yara talatin ko fiye. Nan ne gwanintar take. Sai magini ya fito da azara daga bango biyu, yana ɗaure wata kan wata tana karkatowa, ana shafe ta da ƙasa, har su haɗu a tsakiya su zama baka. Shi ake kira bakan gizo. A kansa ake shimfiɗa rufi, a dama ƙasa a lulluɓe, a sa indararo ya harba ruwa nesa da bango. Sannan makuɓa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa ruwa ya zame daga jikin yaɓe.

Yanzu mu dawo gida. Kada wani ya ce tunda soro ya zauna a Katsina, mu ma mu yi irinsa. Ruwan da ke sauka a nan zuwa Kafanchan ya ninka na Katsina, daminarmu kuma ta fi tasu tsawo. Soro shimfiɗaɗɗe ba ya jure wannan. Waɗanda suka gina azuzuwanmu sun san haka, shi ya sa suka yi bangon ƙasa suka ɗora masa kwano, suka bar lemar rufin ta zarce bango sosai. Ku je ku duba. Tagogin ma ɓangare biyu suke kallon juna, iska ta ratsa, haske ya faɗo kan allo ba cikin idon yaro ba. A ciki na koyi a-ba-ca-da, kuma ban taɓa jin an tashe mu don zafi ba, sai dai don bulala.

Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, an watsa azuzuwan bulo ko'ina cikin ƙauyuka, da gaggawa. Nawa ne muka gani da idonmu iska ta yaye kwanonsu, ko bango ya tsage tun ba a je ko'ina ba? Ban ce bulo ba shi da kyau ba. Cewa nake bulo ma sai da kula.

Abin da ke cin namu azuzuwan a fili yake. Kwanon gabas ya ɓule, ruwa na bin bango. Ga zaizaya ta ci gindin ginin, don ba magudana. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne simintin da aka shafa wa bangon da niyyar alheri. Siminti ba ya kama ƙasa. Danshi ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, sai ya ɓamɓare ya tafi da naman bango. Kada mu manta abin da ya faru a babban masallacin Zariya a 2023, da wani sashe ya rufto kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Tsohon gini ba a wasa da shi, mu kuma 'ya'yanmu ne ke zama a ciki.

Saboda haka roƙona uku ne, ranka ya daɗe Shugaba. A fitar da yara tukuna, a nemo tsohon magini da injiniya su duba tare. In sun ce bangon zai zauna, a canza kwano, a haƙa magudana, a kankare simintin nan a mai da yaɓe kafin ruwan fari. In kuma sun ce ba ya gyaruwa, to a auna shi, a ɗauki hotonsa, a zauna da dattawan da suka yi karatu a ciki, namu da na maƙwabtanmu Gbagyi, a rubuta abin da suka tuna. Ni na sa bandir ɗaya na kwano, ma'aji ya rubuta.