Jawabi ga masu babur mai ƙafa ukku: yadda ake zaɓen taya

Manoman tattasai na bakin Komadugu, da ku ƴan adaidaita na cikin garin Diffa, sannunku da zuwa. Yau maganar taya za mu yi.

Kun san hanyoyinmu. Daga Diffa zuwa Maine-Sorowa akwai kwalta. Amma in ka sauka ka nufi garake ta wajen Geskeru, sai rairayi, sai laka, sai ƙayar aduwa. Tayar da ba ta da ƙwari, nan take barin mutum da kayansa a daji, kasuwa ta watse bai iso ba.

In za ka sayi taya, duba wuyan tsohuwar tukuna. Akwai lamba a jiki. Ku da kuka shiga makarantar yaƙi da jahilci, ga ranar karatunku. Adaidaita ta ɗaukar mutane, irin Bajaj da TVS, lambarta 4.00-8. Lamba ta farko faɗin taya ce, inci 4, wato wajen santimita 10. Ta biyu girman ƙarfen da taya ke zama a kai ne, inci 8. Mai akwatin kaya a baya, yawanci za ka ga 4.50-12 ko 5.00-12. Rubuta lambar a takarda, ka tafi da ita kanti. Kada mai kanti ya ce maka wai wannan ma za ta shiga.

Kusa da ita akwai wata lamba: 4PR, 6PR ko 8PR. Ita ke nuna ƙarfin ɗaukar kaya. In lambar ta fi girma, tayar ta fi ɗaukar nauyi. Buhun busasshen tattasai yana cika ido amma ba shi da nauyi. Shinkafa, albasa da ruwa su ne masu kashe taya. Ku yi lissafi da ni: jarka mai lita 25, ruwanta kilo 25 ne. Jarka 20 kilo 500 ke nan, ban da direba da yaronsa. Mai irin wannan aiki ya nemi 8PR a baya, ko da kuɗinta ya ɗan ɗara.

Tayar babur mai ƙafa biyu ba ta dace da ku ba. Shi yana kwanciya a kwana, shi ya sa bayan tayarsa yake a lanƙwashe. Naku ba ya kwanciya. Tayarku shimfiɗaɗɗiya ce, ta taka ƙasa da dukan faɗinta. In ka sa waccan, tsakiyarta kaɗai za ta cinye.

Tayoyin baya kuma a sauya su tare, girma ɗaya, zane ɗaya. In ɗaya sabuwa ce ɗaya ta suɗe, babur zai riƙa ja gefe guda, birki ba zai kama daidai ba. Da kaya a sama, kifewa ba ta da wuya. Na san aljihu ba kullum yake yarda ba. To, in ɗaya kaɗai za ka iya saye, nemi irin wadda ke ɗaya gefen.

Sai maganar gwanjo. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin ranarmu kuwa yana busar da roba. A wuyan tayoyi da yawa akwai lamba huɗu cikin ɗan zagaye. In ka ga 2322, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2022. Wadda ta wuce shekara shidda, bar ta, komai ƙyallinta. Matsa wuyanta da hannu. In ka ga tsage-tsage ƙanana, ko ƙulli kamar ƙwai, ajiye ta. Duba zanen ma: wasu na sake yanka shi da wuƙa don ta yi kamar sabuwa.

Sabuwar taya, sabon tib. Tsohon tib mai faci biyar zai iya ɓata maka sabuwar taya.

Iska a auna ta da safe, kafin taya ta ɗau zafi, kuma da ma'auni wajen mai faci. Bugun ƙafa ba awo ba ne. Cikin rairayi kana iya rage iska kaɗan don kada ka kafe. Amma da ka hau kwalta, ka mayar da ita. Taya mai ƙarancin iska, ga kaya, ga zafin azahar na watan Afrilu, fashewa take yi.

Wanda ya zo da baburinsa, mu fita waje yanzu, kowa ya karanta mini lambar tayarsa da bakinsa.