Jawabi Ga Masu Kiwon Kaji a Gida Kan Ƙwai Mai Taushin Ɓawo

Jama'a, sau da yawa uwargida takan leƙa akurki ta tarar da ƙwai mai taushin ɓawo, ko mai kumbura-kumbura. Irin wannan ƙwai ba ya sayuwa a kasuwa, ba ya ƙyanƙyasuwa, in kuwa ya fashe a cikin kaza yana iya halaka ta.

Babban dalili shi ne ƙarancin sinadarin kalsiyam. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kimanin giram 2 na wannan sinadari, kuma kaza takan yi wajen awa 20 tana gina shi, galibi da dare. Dusa da dawa da gero ba su da isasshensa. In abinci ya gaza, sai jikinta ya ciro shi daga ƙasusuwanta, har ta kasa tsayuwa.

Saboda haka a daka ƙonannen ƙashi, ko ɓawon katantanwa, ko busasshen ɓawon ƙwai, a ajiye musu a kasko dabam. A bar su su sha hantsi, domin hasken rana yana taimakon jiki ya amfana da kalsiyam. Da bazara kuma a wadata su da inuwa da ruwan sanyi, gama haki yana sa ɓawo ya yi shara-shara.

Budurwar kaza da ta soma ƙwai takan yi haka, ta daina. Amma in abin ya game garke, ga tari da zawo, wataƙila cutar Niyukasil ce. A ware marasa lafiya, a hanzarta zuwa ofishin likitan dabbobi. Rigakafi ya fi magani.