Samanja Ya Tafi, Mazan Faman Gidajenmu Fa?

Ina gaishe ku a duk inda kuke, musamman ku na Sharada da Ja'en da Sabuwar Gandu, da ku na Panshekara da Challawa, da 'yan'uwa na Dakata da Tudun Murtala da Gama, maƙwabtan Bompai. Wadda take gaban murhu, da mai wanki, da mai ɗinkin hula, da mai ƙullin gyaɗa, kada ki ajiye aikinki, aron kunne kawai nake roƙo.

Yau hirar tamu ta tuna baya ce. Zan ambaci wani suna, kuma na san da yawanku sai kun yi murmushi kafin ku ce Allah ya jiƙansa: Samanja Mazan Fama.

Ranar 12 ga watan Nuwamba na shekarar 2023 Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, bayan doguwar jinya, yana da shekara 81. Shi ne mai fitowa a matsayin Samanja. Da labarin ya iso ni, na yi salati, na yi masa addu'a, na ci gaba da abin da nake yi. Sai can da daddare, yara sun yi barci, na tsinci kaina ina hawaye. Mutumin nan ban taɓa ganinsa ido da ido ba, ba dangin iya ba na baba. To kukan me nake yi? Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina, kuma amsar da na samu ita na kawo muku yau.

Ga ƙannenmu da ba su riske shi ba, bari in ɗan faɗa muku ko wane ne shi. An haife shi a 1942 a Pategi, cikin Jihar Kwara ta yanzu, a gidan sarauta. Banufe ne, amma da harshen Hausa ya shiga zukatan mutane. Ya yi aikin gidan rediyo a Kaduna, ya kuma yi aikin soja na gaskiya, ba na wasa ba. Sunan Samanja muƙami ne a soja, shi ne babba a kan su saje da kofur da kurtu, mai kula da fareti da ladabtar da ƙananan sojoji. Wasan nasa, wanda aka yi ta sawa a rediyo da talabijin daga Kaduna, labarin zaman bariki ne: yadda soja yake da na sama da shi, da na ƙasa da shi, da iyalinsa, da farar hula. Ga tsawa, ga Hausar bariki mai gauraye da Turanci, ga ban dariya har sai cikinki ya ƙulle.

Kuma wasan ya zo a kan gaɓa. An yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa Janairun 1970. Kafin yaƙin, sojojin Nijeriya ba su wuce dubu 10 da 'yan kai ba, amma da aka gama sun kai wajen dubu 250. Ke nan kusan kowace unguwa akwai wanda ya sa kaki, ga shi kuma mulkin ƙasa yana hannunsu. Talaka in ya hango soja sai ya sake hanya. Samanja ya ɗauko wannan mutum da ake tsoro ya shigo da shi tsakar gidanmu, muka ga ashe shi ma yana kuskure, shi ma ana yi masa faɗa, shi ma yana lissafin albashi kafin wata ya ƙare. Muka yi dariya, tsoron ya ragu.

Ba mu kaɗai muke da irin wannan jarumi ba. A Amurka an yi wani ɗan wasa, Fess Parker, wanda ya fito a talabijin a matsayin Davy Crockett, mazaunin bakin daji mai hular fata. A tsakiyar shekarun 1950 yaran ƙasar suka yi ta rububin sayen irin hular tasa. Da ya rasu a 2010, dattawa masu jikoki ne suka yi ta jimami, domin yarintarsu suka tuna. Mu ma nan Kano, mazanmu sun sha kallon finafinan kaboyi a silima irin su Plaza da Orion. Amma ke da ni mun san mace mai mutunci ba ta zuwa silima. Mu jaruminmu sai wanda ya biyo mu har ɗaki, ta rediyo ko ta akwatin talabijin. Shi ya sa Samanja ya zama namu.

Ni ƙarshen zamaninsa na riska, lokacin da ake maimaita tsofaffin wasanninsa. Muna zaune a wata unguwa da ke bayan Bompai, mahaifina yana aiki a wata masaƙa. Ba mu da buƙatar agogo a gidan nan, jiniyar kamfani ta ishe mu. In ta yi kuka da sassafe, sai ki ji ƙarar kekuna a layi kamar an saki ruwa. In ta yi da yamma, Inna ta san lokacin kwashe tuwo ya yi. Talabijin ɗinmu baƙi-da-fari ce, Baba ya haɗa kuɗin obataim na watanni kafin ya saye ta, kuma ita kaɗai ce a layinmu. In an ɗauke wuta sai a jona ta da batirin mota. Tashoshi biyu muke kamawa, NTA Kano da take nan Bompai kusa da mu, da CTV wadda yanzu ake kira ARTV.

Ranar da za a sa Samanja, tun kafin sallar isha'i tsakar gidanmu take cika. Yara a gaba kan tabarma, maza biyu ko uku a kan benci daga bakin zaure. Inna da matan gidan suna daga cikin ɗaki, an ɗan ɗage labule, suna kallo ta saman kawunanmu. Inna takan ce ita ba kallo take yi ba, tsince shinkafa take yi, amma dariyarta ta fi ta kowa. Washegari kuwa sai ƙannena maza su kifa kwanon sha a ka, su saɓa karan dawa, su jera a soro suna fareti. Kowa so yake shi ne Samanja, ba mai yarda ya zama kurtu. Har ni sai da na taɓa shan duka a kan na ce mace ma tana iya zama Samanja.

A cikin masu zama kan bencin nan akwai wani dattijo, maƙwabcinmu, mai gadin ƙofar kamfanin su Baba. Kun san yawancin masu gadin kamfanoni a lokacin tsofaffin sojoji ne. Yana ɗan ɗingishi, ba shi da yawan magana. Shi ma yakan yi dariya, wani lokaci ma ya gyara wa na cikin akwatin, ya ce ba haka ake ƙamewa ba. Amma akwai daren da na waiga na ga kowa yana dariya ban da shi. Ya sunkuyar da kai yana murza gwiwarsa, can ya tashi ya fita ba sallama. Mu yara muka ce tsohon nan ya cika baƙin rai. Sai bayan rasuwarsa na ji daga bakin Baba cewa harsashi ne a ƙafar tasa tun daga fagen yaƙi, kuma su uku suka tafi daga ƙauyensu, shi kaɗai ya dawo.

Kin ji fa, 'yar'uwa. Shekara da shekaru muna tafa wa sojan cikin akwati, ga na gaske a bayanmu kan benci, ba wanda ya taɓa ce masa, Baba ba mu labari.

Daga baya abin ya zo kan namu gidan. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da aka shigo da shi a 1986, kamfanonin Kano suka fara tangal-tangal: kayan aiki daga waje suka yi tsada, wuta ba ta tsayawa, man janareta ya cinye riba, ga atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ku matan Sharada da Challawa da Bompai ba sai na ba ku labari ba, a tukunyarku kuka gani. Wata rana Baba ya dawo da hantsi, ya jingine kekensa, ya ce wa Inna an sallame su. Jiniya ta daina kuka. Talabijin ɗin nan tana cikin kayan farko da aka sayar.

Abin da ya biyo baya shi ne nake so ku riƙe. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana tsaye gaban inji, ƙurar auduga tana shiga ƙirjinsa, ƙarar ƙarfe ta taɓa masa kunne, sai ya koma sayar da kayan miya a teburi don kada a kore mu daga makaranta. Ya kai ni har jami'a. Wannan magana da nake yi muku yanzu, da guminsa nake yin ta. Amma wallahi ban taɓa zama na tambaye shi yaya daren farko na aikinsa ya kasance ba, ko me ya ji ranar da aka miƙa masa takardar sallama. Na san wasannin Samanja da ka, ban san labarin ubana ba. Allah ya karɓi abinsa kafin hankalin tambayar ya zo mini. To kukan da na yi a daren nan, na Samanja ne, amma rabinsa na Baba ne da tsohon maigadin nan.

Shi ya sa nake cewa, uwargida, duba gidanki. Watakila akwai surukinki a ɗakin soro, wanda ya yi aikin jima a Challawa har warin fata ya zama ba ya jinsa. Watakila mahaifinki ne, tsohon direban kamfani, ko kawunki da ya yi soja. Watakila ma maigidanki ne, da yake kwana tsaye a kamfanin roba a Sharada, ya dawo da asuba idanu jajur. Su ne mazan faman gidajenmu. Kuma ke da kike cikin gida kin fi kowa damar saninsu. Maza sun fita nema, yara suna makaranta, ke ce kike jin tarin tsohon, ke kika san ko ya ci abinci ko ya ture kwanon.

Na san akwai kunya tsakanin mace da surukinta, kuma ban ce ki keta ta ba. Amma kina da 'yan aike. In za a kai masa abinci, kada yaro ya dire kwano ya ruga. Ki ce masa, zauna wurin Kaka har ya gama, ka tambaye shi yadda Kano take lokacin da ya zo, ka tambaye shi aikin da ya yi. In yaron ya dawo, ki sa ya maimaita miki. Tsoho in ya ga ana son labarinsa, har ƙarfi yake ƙarawa. In kuwa mahaifinki ne, ranar da kika je gida kada hira ta ƙare a ɗakin mata. Ki je ki durƙusa ki gaishe shi, ki daɗe. Wayar da take hannunki tana ɗaukar murya, ki nemi izininsa ki ɗauka. Samanja an ɗauki muryarsa da hotonsa, jikokinmu za su iya ganinsa. Na gidanki fa, wa zai ɗauka in ba ke ba?

Sannan a kula da lafiyarsu. Wanda ya daɗe cikin ƙura ko sinadarin kamfani, in tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko numfashi yana yi masa wuya, ko ƙafa tana kumbura, kada a tsaya kan jiƙe-jiƙe kawai. Ki yi wa maigida magana cikin hikima a kai shi asibiti, a auna hawan jini da suga. In an ba shi magani, ke ce mai tuna masa lokacin sha.

Sai magana ta ƙarshe, kuma ita ce mai nauyi. In aiki ya kuɓuce wa maigida, ko albashi ya kasa kai wata, ki yi hattara da abin da kike faɗa a gaban yara. Inna ba ta taɓa bari mun ji ta rage darajar Baba ba. Ranar da aka fita da talabijin ɗin nan muna kuka, cewa ta yi, ubanku ya zaɓi karatunku a kan kallonku, ku je ku gode masa. Muka je muka durƙusa, ba mu ma gane abin da muke godewa ba. Yau na gane. Yaro ba ya rasa jarumi. In bai samu a gida ba, zai ɗauko a waya ko a bakin titi, kuma ba kowane ne zai zama mai tarbiyya irin Samanja ba. Ke ce mai nuna masa inda zai duba.

Ranar 15 ga Janairun kowace shekara gwamnati takan tuna da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a yi fareti. Mu namu bai buƙatar fure. Kwanon fura mai sanyi, da jika a gefe yana tambaya, ya wadatar.

Allah ya jiƙan Alhaji Usman Baba Pategi, ya saka masa da alheri a kan dariyar da ya sa iyayenmu mata a bayan labule. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda suke raye kuma ya ba mu ikon kyautata musu. Wadda ta samu wani labari daga bakin tsohon gidanta, ta ba yaro ya rubuto mana, ko ta aiko da saƙon murya, za mu karanta a wannan fili ba tare da ambaton suna ba.

A nan zan dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Ku huta lafiya.