Wasan Mota Daban, Tseren Mota Daban

Yau ni kaɗai ne, babu baƙo, saboda maganar da zan yi ta shafe ni kai tsaye, kuma na daɗe ina kauce mata. Magana ce a kan mota da gudu, da abin nan da muke kira wasan mota a garin nan.

Bari in fara da laifina kafin in taɓa na kowa.

Lokacin ina aji ɗaya a jami'a aka yi bikin wani yayanmu a unguwa. Bayan ɗaurin aure muka fito kan titin da ya bi gefen badala, mota wajen goma. Ina gaban wata Golf, abokina ne ke tuƙi. Ni ban taɓa sitiyari ba, amma ni ne nake dukan gaban motar ina cewa "Taka! Taka, malam!" Ya taka totur, ya ja birkin hannu, motar ta juya, taya na ƙara, yara na ihu. Ya sake na biyu, aka ƙara ihu. A na uku taya ta hau rairayin gefen titi, motar ta ƙi jin magana, ta tafi a kaikaice har inda wata yarinya ke tsaye da farantin gyaɗa a kanta. Ba za ta wuce shekara goma ba.

Allah ya yi da sauran kwananta, amma ƙafarta ta karye wuri biyu. Mahaifin abokina sai da ya sayar da fili kafin a gama da asibiti da sasanci. Yarinyar nan yanzu ta yi aure, tana wucewa ta bakin lungunmu tana ɗingishi. In ta gan ni sai ta ce "Ina kwana, Yaya." Ba ta san ina cikin motar ba. Wallahi duk ranar da ta gaishe ni, yinin nan ba na jin daɗinsa.

To, na ɗauka daga ranar na rabu da son gudu. Ashe ban rabu ba. Lokacin da nake bautar ƙasa a Legas, abokai suka ja ni wani wuri da ake hayar ƙananan motocin tsere, waɗanda ake kira kat. Kujera ɗaya, ba rufi, tayoyi huɗu a fili, gindinka kusan yana taɓa ƙasa. Kafin in hau sai da aka sa min hular kwano, aka karanta min ma'anar tutoci, aka ce in na yi karo da wani da gangan za a fitar da ni. Na shiga da taƙama, ai ɗan Kano ne ni, na san mota. Duk kwana sai na shige ta da gudu, bayan motar ya zame, taya ta yi ƙara, ina jin kaina. Da aka kafe sakamako, wata yarinya da ba ta fi shekara goma sha huɗu ba ta fi ni sauri a kowane zagaye. Ita ko sau ɗaya tayarta ba ta yi ƙara ba.

Mai kula da wurin ya ce min, "Wannan ƙarar da kake jin daɗinta, lokacinka ne yake zubewa." A tsere, ana taka birki tun mota tana miƙe, a shiga kwana a natse, a fito da ƙarfi. Wato abin da muke tafa wa a titi, a filin tsere alama ce ta wanda bai iya ba tukuna. Ko masu gasar zamiya da mota, don ita ma gasa ce mai zaman kanta, a killataccen fili suke yi, da alƙalai.

Daga nan na shiga bincike. Da an ce motar tsere mai tayoyi a waje, hankalinmu Formula 1 yake tafiya, motocin biliyoyi. Amma can ne ƙololuwa. A ƙasa akwai gasannin 'yan sha'awa: malamin makaranta, makanike, ɗan kasuwa, su yi aikinsu Litinin zuwa Juma'a, ran Asabar su jawo motarsu zuwa fili.

Wadda ta fi burge ni ita ce Formula Vee. A Amurka aka fara ta a farkon shekarun 1960. Kun san da me ake haɗa motar? Da kayan Volkswagen Beetle, Bitil ɗin nan da iyayenmu suka hau, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun shekarun 1970. A ɗauki injinta mai 1200cc wanda iska ke sanyaya shi, da giyarta, da ƙafafun gabanta, a ɗora su a kan ƙarafan bututu da aka yi wa walda, a rufe da siririn bodi. Doka ta hana ka yi wa injin gyare-gyaren da za su sa mai kuɗi ya fi kowa. Tunda motocin kusan ɗaya suke, hannun direba ne ke raba gardama. Emerson Fittipaldi na Birazil da Niki Lauda na Ostiriya duk sun bi ta wannan gasa kafin su zama zakarun duniya. A Ingila kuma aka fara Formula Ford a 1967 da irin wannan tunani: injin motar gida, jiki mara nauyi, kuɗi daidai talaka mai ƙoƙari.

Lewis Hamilton da ya ci kambun duniya sau 7, yana ɗan shekara 8 ya fara da kat ta hannu, mahaifinsa na haɗa aiki biyu uku don ya riƙe shi, kuma shi ne makanikensa. Ugo Ugochukwu, wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ya ci gasar Macau a 2024, shi ma da kat ya fara tun yana ƙarami. Amma a Amurka aka haife shi, a Turai ya goge. Ku tambayi kanku, da a Yakasai ko Gwammaja aka haife shi, a ina zai koya? A bikin wa?

Rabon da a yi Formula 1 a Afirka tun 1993, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu. Ruwanda ta fito tana nema, a 2025 kuma aka ji Najeriya ma na neman a kawo ta Abuja. Ba na adawa. Amma ko an kawo ta gobe, mu 'yan kallo ne, in ma mun iya sayen tikiti. Ba a fara gini daga rufi. A Kudu wasu masu sha'awa sun samar da filin tsere a Evbuobanosa ta jihar Edo. A nan Arewa an yi ralin motoci zuwa Argungu lokacin bikin kamun kifi na 2020. To mu Kano fa?

Abin da ke ba ni haushi shi ne, kusan komai muna da shi. Ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa, wane ƙarfe ne na mota babu? Muna da masu walda da za su kalli hoto a waya su fitar maka da abu. Muna da makanikan da ke gane ciwon inji da kunne kawai. Injin da ke jan kat ɗin haya ɗan'uwan injin ban-ruwa ne da manoman Kura da Kadawa ke amfani da shi kullum. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarfe, har kafafen labaran duniya suka ɗauka. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. A Ingila, tun 1998 ɗaliban jami'o'i ke ƙera motar tsere mai kujera ɗaya da hannunsu suna gwabzawa a gasar Formula Student. Me ya hana ɗaliban injiniya na Bayero da na Wudil da na kwalejin fasaha su yi irin wannan tsakaninsu?

Kuma kar wani ya ce mana gudu cikin tsari baƙon abu ne a Kano. Ku tuna Hawan Daushe. Ku tuna yadda mahaya ke sakin doki a guje a Ƙofar Kudu, su ja linzami su tsaya cak a gaban Sarki su yi jinjina. Gudu ne na gaske. Amma an share fili, dogarai sun tsare jama'a a gefe, kowace tawaga da lokacinta. Wannan tsarin na cikin abin da ya sa hawan ya zama abin alfahari, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a Disambar 2024. Dokin nan dai, in ka sake shi a lungu da sunan kilisa, sai ya zama masifa. Haka mota take.

A filin tsere, kafin mota ta shiga sai an duba ta: birki, taya, tankin mai, ƙarfen da ke kare kan direba in ta kife. Direba na da hular kwano, da rigar da ba ta saurin kama wuta, da bel mai ɗaure kafaɗa da ƙugu. Kowa hanya ɗaya yake bi. In aka ɗaga tuta ruwan ɗorawa, akwai haɗari a gaba, ka rage gudu, ba wuce wani. Ja, an tsayar da tsere. Baƙa, kai ake kira, fito. Motar asibiti na tsaye tun kafin a tashi.

Yanzu kwatanta da titi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafarka ta bar totur ta isa birki ka wuce gida biyu. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan da ƙannenmu.

Na san abin da wasu za su ce. "Malam, ana fama da abinci, fetur ya yi tsada tun 2023, kai kana maganar tseren mota?" Gaskiya ne, kuma ban ce a ɗebi kuɗin asibiti a gina filin tsere ba. Amma fetur ɗin ana ƙona shi duk Asabar da Lahadi a wajen biki, tayoyin ana cinye su, ƙafafun ana karya su. Kuɗin yana fita, sai dai ba abin da yake dawowa da shi. Yaron da ya haɗa kat da hannunsa kuwa ya koyi walda, ya koyi awo, ya san inji. Ko bai taɓa cin kofi ba, ya tashi da sana'a.

Wasu kuma za su ce ai ganganci ne, jefa kai ne cikin halaka. Ba zan ce muku babu haɗari ba. Ayrton Senna, gwanin gwanaye, a filin tsere ya rasu a 1994. Amma duk wanda ya shiga fili ya san abin da ya shiga, an kuma yi iya ƙoƙari an kare shi. Yarinyar mai gyaɗa fa? Wa ya tambaye ta? Talla aka aike ta.

An sha hana wasan mota da kilisa a garin nan, an sha kamawa, kuma ina goyon bayan a kama. Sai dai bayan kwana biyu a dawo, saboda son gudu a jinin matashi yake, ba a kama shi a kulle. Ruwa in ba ka yi masa hanya ba, shi zai yi wa kansa, kuma ta cikin gidan wani zai bi.

Don haka ga roƙona, kashi uku.

Na farko gare mu, 'yan kallo. Mai wasan mota don mu yake yi. Ranar da ya juya mota ya ga ba wanda ya ɗaga waya, ba wanda ya yi ihu, ba zai yi na biyu ba. Ni shaida ne, ihuna na cikin abin da ya karya ƙafar yarinyar nan. In bikinku ne, ku faɗa tun wuri: ba ma so.

Na biyu ga masu hannu. Makanike ɗaya, mai walda ɗaya, ɗalibin injiniya ɗaya, ku haɗu ku fitar da kat guda. A fara da birki kafin a yi maganar gudu. Kuma don Allah kar a gwada ta a lungu, in ba haka ba mun koma gidan jiya.

Na uku ga manyanmu, masu unguwanni, 'yan kasuwa, da hukumomin wasanni da na kiyaye haɗura. Fili muke nema a wajen gari, ko aro ne, a kewaye shi da tsofaffin tayoyi, a ba mu Asabar ɗaya a wata, da izini a rubuce da motar asibiti. Mai son ya nuna ya iya, ga agogo nan, shi ba ya son kai.

Abokina da ya yi tuƙin ranar nan yanzu gareji gare shi. Da na kai masa wannan magana ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "In za a yi, ni zan haɗa birkin." Mun fara tara ƙarfe a bayan garejinsa. Duk wanda ke da sana'ar da za ta taimaka, ko ya san inda za a samu fili, ya aiko mana saƙo.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya ba waɗanda suka ji rauni lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.