Karen Bature da Karen Mafarauci: Ina Bambancin Yake?

 Yau hirar tamu kan karnuka ce. Na san wani zai ce, duk matsalolin ƙasar nan a rasa abin tattaunawa sai kare? To ku ɗan yi haƙuri, akwai rai a cikin maganar.

Kwanan nan za ku ga samari suna ɗora hotunan karnukan waje a Facebook da TikTok, ana yayi. Cikinsu akwai wani ɗan gajere mai faɗa-faɗan kunnuwa da ake kira bigul. Asalinsa karen farautar zomo ne a Ingila, garke guda ake sakinsu su bi sawu. Da hanci yake aiki: ƙwayoyin jin ƙamshi da ke hancinsa sun haura miliyan 200, na ɗan Adam kuwa kusan miliyan 5 ne. Shi ya sa a 1984 ma'aikatar noma ta Amurka ta fara amfani da shi a filayen jirgin sama, yana shinshino nama da 'ya'yan itace a jakunkunan matafiya.

To mu dawo gida. A ƙauyukan da ke kewaye da Dawanau, da zarar an gama girbi, mafarauta kan fita da karnukansu neman zomo da burgu. Aikin dai ɗaya ne da wanda aka san bigul da shi. Can a Nijar da Mali kuma akwai karen Azawak na Buzaye, dogo siriri, shi da ido da gudu yake kamu. Turawa sun ɗauke shi zuwa Turai tun shekarun 1970, yau da tsada ake sayar da shi a can.

Ashe ba jini ne ya raba namu da nasu ba, kulawa ce. Su sun san uwar kare da ubansa, suna ba shi abinci, suna kai shi wajen likita. Namu kuwa sai ranar fita daji ake tuna shi.

Masu son sayen barbarar waje ma ku lura. Akwai wanda ake haɗa bigul da pug, wani kare mai gajeren hanci da numfashi ke ba shi wahala a zafi. Ka kawo wanda ya gaji wannan hancin Kano a watan Afrilu, ai azaba ka saya masa. Shi kansa bigul ɗin, in ka kulle shi a tsakar gida ba aiki, haushinsa zai haɗa ka da maƙwabta.

Ga inda ran yake: cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara ne kaso mai yawa. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma tana da rigakafi, har a Vom ta jihar Filato ana haɗa allurar karnuka.

Malamai sun yi bayanin halaccin ajiye kare don farauta ko gadin gona da dabbobi. Wanda ya ajiye kuwa, haƙƙinsa na wuyansa. A kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa allura duk shekara. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya asibiti ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da hali zai yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kana da ɗan'uwa mafarauci, tura masa wannan shirin, ko ka karanta masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.