Yaushe Dimokuraɗiyya Take Fara Mutuwa? Ra'o'i da Hanyoyin Nazari

 

Ga tambayar da nake so mu riƙe: wace rana ce dimokuraɗiyyar da Nijar ta kafa a 1999 ta faɗi? Da yawa za su ce 18 ga Fabrairu 2010, ranar da sojojin Salou Djibo suka kama Shugaba Mamadou Tandja. Amma tun a watan Mayu 2009 Tandja ya rushe majalisar dokoki. A watan Yuni ya rushe kotun tsarin mulki, bayan ta ce ƙuri'ar raba gardamar da yake shiryawa ta saɓa wa doka. Ran 4 ga Agusta aka kaɗa ƙuri'ar, ta ƙara masa shekara uku. To, lokacin da sojoji suka iso fadar, me suka tarar da za su kifar? Mai bincike dole ne ya zaɓi shekara, ko 2009 ko 2010, ya rubuta a jadawalinsa. Wanda ya zaɓi 2010 zai nemi dalili a bariki. Wanda ya zaɓi 2009 zai neme shi a fadar zaɓaɓɓen shugaba. Ni ina tare da wanda ya zaɓi 2009, kuma zan faɗi dalili.

Tsofaffin ra'o'in wannan fage sun fi damuwa da haihuwar dimokuraɗiyya. A 1959 Seymour Martin Lipset ya nuna cewa ƙasashe masu arziki da ilimi da birane sun fi riƙe mulkin zaɓe. Indiya, da talaucinta na wancan lokaci, ta ƙi shiga wannan lissafi. Sai Adam Przeworski da abokan aikinsa suka tattara alƙaluman ƙasashe daga 1950 zuwa 1990, suka gyara maganar: ana iya haifar dimokuraɗiyya a ƙasa matalauciya, amma a mai wadata ta fi daɗewa. Wannan gyara yana da nauyi a Sahel. Sai dai bai gaya mana me ya sa Senegal ba ta taɓa ganin juyin mulkin soja ba, alhali maƙwabciyarta Mali ta gani sau da dama.

Wani ɓangare na masana ya bar arziki ya koma kan mutane. Guillermo O'Donnell da Philippe Schmitter, a aikinsu na 1986 kan Kudancin Turai da Latin Amurka, suka ce sauyi yana farawa ne idan masu mulki suka rabu gida biyu, masu sassauci da masu taurin kai, sannan masu sassaucin suka ƙulla yarjejeniya da 'yan adawa. Samuel Huntington a 1991 ya lissafa sauye-sauyen da suka biyo bayan sauyin Fotugal na 1974, ya kuma kawo ma'auni mai sauƙi: idan mulki ya sauya hannu sau biyu ta hanyar zaɓe, tsarin ya kafu. Da Michael Bratton da Nicolas van de Walle suka duba Afirka a 1997, sai suka ga wani abu dabam. Nan ba yarjejeniyar manya ce ta fi tasiri ba. Ma'aikata da ɗalibai ne suka fito titi bayan baitulmali ya ƙone, shugaba ya rasa abin rabawa. Haka aka kai ga taron ƙasa na Benin a 1990 da na Nijar a 1991.

Duk waɗannan ra'o'i suna ɗauka cewa mutuwar dimokuraɗiyya abu ne da ake gani da ido: tankar yaƙi, kiɗan soja a rediyo, sanarwar dakatar da kundin tsarin mulki. A 2016 Nancy Bermeo ta nuna cewa salon ya sauya. Yanzu abin da ya fi yawa shi ne zaɓaɓɓen shugaba ya riƙa faɗaɗa ikonsa da doka a hannu, yana raunana kotu da majalisa da 'yan jarida ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda gara take cin azara ɗaki yana tsaye. Hungary tun daga 2010, bayan jam'iyyar Viktor Orban ta samu kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa, ita ce misalin da ake yawan kawowa. Bermeo ta kuma ambaci juyin mulkin da ake yi da alkawarin maido da dimokuraɗiyya. Sojojin Nijar na 2010 da sunan maido da dimokuraɗiyya suka kira majalisarsu, kuma sun miƙa mulki a 2011. Yawancin masu irin wannan alkawari ba sa cikawa, don haka kada mu ɗauki na Nijar a matsayin ƙa'ida.

Idan lalacewar a hankali take zuwa, da me za a auna ta? Nan ne aikin yake da wuya. Freedom House tana ba ƙasashe maki tun farkon shekarun 1970. Cibiyar V-Dem da ke Jami'ar Gothenburg a Suwidin tana tambayar dubban ƙwararru, ta haɗa amsoshinsu ta hanyar lissafi. Amfanin wannan a fili yake: ƙwararre yana iya lura da tsoron da ya shiga zukatan alƙalai, abin da ba ya fitowa a sakamakon zaɓe. Amma Andrew Little da Anne Meng sun ƙalubalanci hanyar. Suka ƙirga abubuwan da ba sa bukatar ra'ayin kowa, kamar sau nawa shugaba mai ci yake faɗuwa zaɓe, suka ce ba su ga koma-bayan da ake ta faɗa ba. Wataƙila ƙwararrun ne labarai suka sa su baƙin ciki. Masu V-Dem suka amsa cewa mai wayon murɗe tsari ba ya barin alamar da za a ƙirga. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ya fi damuna shi ne Mali. Har zuwa juyin mulkin Maris 2012, Freedom House tana sa ta cikin ƙasashe masu 'yanci. Makin yana nan lafiya, amma amanar jama'a ga gwamnati ta riga ta zube.

Shi ya sa tambayar talakawa da kansu ta zama dole. Afrobarometer tana wannan aiki tun 1999. A rahotonta na 2024, wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda aka tambaya a ƙasashe 39 sun ce sun fi son dimokuraɗiyya, amma fiye da rabi sun ce za su lamunci shigowar soja idan zaɓaɓɓu suka ci amanar mulki. Wanda ya karanta amsa ta farko kaɗai ba zai gane taron da ya fito a Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba. Kuma son dimokuraɗiyya a baki ba shi ne kare ta a rumfar zaɓe ba: Milan Svolik da Matthew Graham sun gwada Amurkawa a 2020, suka tarar kaɗan ne suke juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya don ya taka ƙa'ida.

Hanyar da na fi so ɗalibanmu su ƙware a kai ita ce kwatanta shari'o'i biyu masu kama, a bi sawun abin da ya faru mataki-mataki. Ta-zarcen Shugaba Obasanjo ya mutu a majalisar dattawan Nijeriya a watan Mayu 2006. Na Tandja ya wuce, bayan shekara uku kacal, a ƙasa maƙwabciya. Me ya bambanta su? Rarrabuwar kai a cikin jam'iyya mai mulki? Ikon rushe majalisa da kundin Nijar ya ba shugaba, wanda na Nijeriya bai bayar ba? Amsar tana cikin kundin zaman majalisa, da hukunce-hukuncen kotu, da shirye-shiryen rediyo na Hausa na wancan lokaci, da bakin waɗanda suka halarta, da yawansu suna raye.

Akwai kuma gurbin da manyan ma'aunai ba su cika gani ba, domin ƙasa ɗaya maki ɗaya suke ba ta. Edward Gibson ya nuna a Ajantina da Meziko cewa gwamna yana iya kafa mulkin kama-karya a jiharsa alhali tarayya tana kan tsarin zaɓe. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma mun saba ganin jam'iyyar gwamna ta lashe kujerun ciyamomi kaf a zaɓen da hukumar jiha ta shirya. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi a Yuli 2024. Ina kira ga sashen kimiyyar siyasa na kowace jami'a a Arewa ya ɗauki jiharsa, ya tattara sakamakon waɗannan zaɓuɓɓuka tun daga 1999, da ranakun da aka rushe zaɓaɓɓu aka naɗa kantomomi, da abin da ya sauya ko bai sauya ba bayan hukuncin.